Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Daraktan Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka Ta Najeriya, Daga Marubutan Hausa Na Intanet

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da ma'aikatan hukumarka, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin 'yan uwana marubuta labaran Hausa waɗanda yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar maɗaba'a ba, domin waya ce alƙalaminsu, ita ce takardarsu, ita ce kuma shagon da suke kasa hajarsu. Mafi yawanmu mata ne. Akwai matan aure, akwai ɗalibai, akwai zawarawa masu riƙon marayu, kuma muna warwatse ne daga Kano, Katsina, Gusau da Gombe har zuwa Maraɗi da Damagaram. Mun daɗe muna juya wannan magana a zaurukanmu na WhatsApp, daga ƙarshe aka ɗora mini nauyin in fito da ita fili, in isar da ita ga hukumar da doka ta ba amanar kare guminmu.

Abin da ya sa muka ga lokacin magana ya yi shi ne, tun a watan Maris na shekarar 2023 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka gada tun daga 1988. Sabuwar dokar ta yi magana ƙarara a kan abin da ake ɗorawa a intanet. Ta ba mai rubutu shi kaɗai ikon ya amince ko ya hana a baje aikinsa a yanar gizo, ta tanadi hanyar da zai aika wa masu dandali takardar koke domin a sauke abin da aka sace masa, ta kuma ba hukumarka ikon toshe shafin da ke cin haƙƙin mutane. Fiye da shekara biyu ke nan da samun wannan kariya a rubuce, amma a duk zaurukan marubutan da nake ciki ban taɓa ganin an turo bayaninta da Hausa ko sau ɗaya ba. Idan aka ambaci NCC, wato gajeren sunan hukumarka, a cikinmu, hankalin kowa kan tafi ne ga hukumar sadarwa mai kula da layukan waya, saboda da yawa ba su ma san akwai wata hukumar mai irin wannan laƙabi wadda aka kafa dominsu ba. Dokar da muka sani, wadda za ka tarar a saman kusan kowane shafi na littattafanmu, ita ce: "Duk wanda ya fitar mini da littafi ban yafe ba, Allah ya isa."

Ya kamata in fara bayyana yadda wannan sana'a take, domin wanda bai san yadda aka gina gida ba ba zai gane girman ɓarnar da aka yi masa ba. Iyayenmu da yayyenmu na adabin kasuwar Kano, tun daga shekarun 1980, da kuɗin aljihunsu suke buga littattafansu su kai wa dillalai a Sabon Gari, daga nan su bazu zuwa shagunan haya na unguwanni. Da takarda ta yi tsada, wayoyin hannu kuma suka shiga kowane ɗaki, sai wannan kasuwa ta durƙushe, masu karatun suka koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, mu kuma muka bi su can. Babu gwamnatin da ta tsara wannan ƙaura, babu kamfanin ɗab'in da ya zuba mata jari. Marubuciya takan fara ne da littafin kyauta, tana sakin shafi ɗaya a rana ko bayan kwana biyu, tana bugawa da babban yatsa cikin dare bayan yara sun yi barci, sau da yawa da cajin da ta biya kuɗi aka yi mata a shago saboda babu wuta. Ladanta a wannan mataki shi ne sharhin masu karatu, da yadda suke tura shafin daga wannan zaure zuwa wancan har sunanta ya fara zama a bakin mutane. Sai ta yi littafi biyu ko uku a haka, wani lokaci shekara biyu cur, kafin ta samu ƙarfin halin cewa na gaba na kuɗi ne.

Littafin kuɗi ma da kyauta yake farawa. Za a saki shafukan farko kowa ya ɗanɗana, idan labari ya kai inda ba a iya haƙura sai a ce mai son ci gaba ya biya naira 300, ko 500, ko 1,000, ya turo shaidar biya, a saka shi a zauren waɗanda suka biya. Wadda ba ta da asusun banki takan turo katin waya. 'Yan uwanmu na Nijar sukan aiko da sefa ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko ta hannun wata wakiliya da ke can, akwai kuma masu biya daga Ghana da Kamaru da Saudiyya. Idan marubuciya ta yi suna, masu sayar da turaren wuta da atamfa da kayan kicin sukan biya ta domin ta ɗora tallansu a saman shafi. Wasu daga cikinmu ta wannan hanya suka kai ga shiga gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata a 2016, wasu kuma suka zama masu rubuta finafinai masu dogon zango. Wannan tsani ne na gaskiya, kuma mata da dama da ba su da hanyar fita neman aiki a kansa suka tsaya suke ciyar da kansu. Jarin da ke cikinsa kaf shi ne amincewar masu karatu da kuma ikon marubuciya a kan abin da ta rubuta, to wannan na biyun shi ne ake ƙwace mana kullum.

Babbar matsalarmu ita ce fitar da littafi. Mutum ɗaya ya biya naira 500 ya shiga zaure, sai ya riƙa kwashe shafukan yana haɗa su wuri guda, kafin marubuciya ta kai ƙarshen labarinta dokumen ɗinsa ya zagaye gari. Daga nan sai shafukan intanet da suka mayar da wannan abu sana'a su ɗauka su jera shi cikin ɗaruruwan littattafan da suka tara, suna samun kuɗin talla a kan duk wanda ya shiga saukewa. Akwai ma masu buɗe nasu zauren su ce a biya naira 100 ko 200 a samu littattafan marubuta goma a lokaci ɗaya. Na ɗanɗana wannan da kaina. Littafina na kuɗi na farko na yi wata bakwai ina rubuta shi, mutum 400 da ɗoriya suka biya, da kuɗin na biya wa 'ya'yana biyu kuɗin makaranta na shekara, na kuma canza wayar da allonta ya tsage. Na biyun ya fi shi karɓuwa nesa ba kusa ba, ana ta maganarsa a wuraren da ban taɓa shiga ba, amma waɗanda suka biya ba su kai 100 ba, saboda tun ina shafi na 30 aka fitar da shi. Masu karatuna sun ninku, abin da ke shigowa ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Irin wannan ne ke sa marubuciya mai basira ta ajiye rubutu ta koma sayar da kayan miya a cikin gida, kuma na san da yawa da suka yi hakan.

An taɓa samun ɗan sauƙi lokacin da wasu daga cikinmu suka koma sayarwa a manhajar OkadaBooks, inda ba a iya kwafe littafi cikin sauƙi kamar a WhatsApp, sai dai ta rufe a ƙarshen watan Nuwamba na 2023. Akwai manhajojin gida irin su ArewaBooks da ke ƙoƙarin cike wannan giɓi, amma duk manhajar da ke neman mutum ya biya ba za ta iya gogayya da shafin da ke raba littafin nan ɗin a banza ba. Ga shi kuma tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗin kira da data da ya kai kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, mai karatu yana ƙara lissafin kowace naira, mu kuma kuɗin da muke kashewa wajen ɗora rubutu ya ƙaru.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin a cikinta ne kuɗi masu kauri suke. Ina nufin tashoshin YouTube da ke karanta littattafanmu da murya ba tare da izini ba. Ranka ya daɗe, akwai dalilin da ya sa suka fi kwaɗayin labaranmu a kan komai. Ɗaya daga cikin hanyoyin da tasha ke cancantar samun kuɗin talla a YouTube shi ne ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu. Littafin Hausa ɗaya idan aka karanta shi yakan ɗauki sa'o'i masu yawa, kuma mace za ta kunna shi tana girki ko wanki ta saurara daga farko har ƙarshe, kashegari ta dawo neman ci gaba. Babu hanyar da ta fi wannan sauƙi wajen cika waɗancan sa'o'i, ba a buƙatar kyamara ko 'yan wasa, hoto ɗaya da murya sun isa. Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wata rana ƙanwata ce ta turo mini wani karatu tana yaba daɗin labarin, ina kunnawa na ji kalmomina ne, an canza wa littafin suna, an cire nawa sunan, an raba shi kashi ashirin da wani abu. Da na samu lambar mai tashar na yi masa magana cikin mutunci, amsar da ya ba ni ita ce ai tallata ni yake yi, ya kamata ma in gode masa. Na tambaye shi wane irin talla ne wanda babu sunan mai kaya a ciki, sai ya toshe lambata.

Ba ma ƙin a karanta littattafanmu da murya. Mun san akwai iyayenmu mata da ba su yi karatun boko ba, akwai kuma makafi, kuma dokar 2022 ta yi wa makafi da masu raunin gani tanadi na musamman domin a samar musu da littattafai ta siffar da za su amfana, abin da muke maraba da shi. Akwai kuma masu tashoshi na kirki da ke neman izini su biya, wasu ma su raba riba da marubuciya. Waɗannan su ma ana cutar da su, domin wanda ya biya ba zai iya tsere da wanda ya ɗauka a ɓagas ba.

Sai batun fim. Yakan faru mai shirya fim ya kira marubuciya a waya ya ce yana son labarinta, a yi ciniki da baki, ya tura mata abin da ya sawwaƙa, shi ke nan. Daga baya fim ya yi zango uku ko huɗu, a sayar wa tashar talabijin, a ɗora a YouTube, ita kuwa ko sunanta ba a gani, ba ta kuma san ko abin da ta sayar izinin zango ɗaya ba ne ko labarin ne gaba ɗaya har abada. Doka ta ce mallaka wa wani haƙƙin aiki, ko ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce, ta kuma ce marubuci yana da haƙƙin a ambaci sunansa da haƙƙin ƙin yarda a gurɓata masa aiki. Wannan sani da ya isa kunnen matan nan da ba a yi musu sayen wulaƙanci ba.

Wani zai ce ai ƙofa a buɗe take, duk wadda aka cuta ta kai ƙara. A nan ne nake roƙon ka dubi halin da muke ciki da idon basira. Shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, kuma babu wadda za ta ɗauki lauya a kan littafin da duk abin da ta samu a cikinsa bai kai kuɗin zama ɗaya ba. Fom ɗin koke na manyan dandali cike yake da kalmomin shari'a da suka fi ƙarfin yawancinmu, yana kuma neman cikakken sunan mai koke da adireshinsa, bayanan da ka iya isa hannun wanda ake ƙara. Da yawanmu da sunan alƙalami muke rubutu, wata da sunan ɗanta, wata da sunan mahaifinta, saboda yanayin gidan aure ko na dangi. Matar da ta san cewa koken da za ta shigar zai iya kai sunanta da unguwarsu ga mutumin da ya riga ya nuna ba ya tsoron Allah a kan haƙƙinta, shiru za ta zaɓa. Akwai kuma tsoron kalmar rajista kanta. Manyanmu ba su manta da shekarun 2007 da 2008 ba, lokacin da aka ƙona littattafai a Kano aka kuma nemi marubuta su yi rajista da hukumar tacewa, don haka duk sanda aka ce hukuma na kiran marubuta, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne za a sa mana takunkumi. Ba kowa ya san cewa haƙƙin mallaka yana tabbata ne tun daga ranar da aka rubuta abu ba, cewa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci domin magadansa su amfana, kuma rajistar da hukumarka ke yi shaida ce kawai da ke ƙarfafa hujja ba sharaɗin mallaka ba.

Ba zan ɓoye namu laifin ba, domin idan na ɓoye na rage wa wannan wasiƙa daraja. A cikinmu akwai masu ɗaukar labarin 'yar uwarsu su canza sunayen taurari su ce nasu ne, akwai masu kwashe zaren finafinan Indiya da na Turkiyya su sa masa hula da atamfa, akwai kuma masu cika rubutu da batsa domin su ja kasuwa, abin da ya zubar mana da mutunci a idon malamai da iyaye. Na ƙarshen nan gyaransa yana wuyanmu da ƙungiyoyinmu. Biyun farko kuwa suna cikin hurumin hukumarka, kuma mun yarda dokar ta hau kanmu kamar yadda muke so ta hau kan wasu.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Kafin komai, a fitar da bayanin sassan dokar da suka shafi rubutu da intanet cikin Hausa mai sauƙi, a rubuce da kuma murya, gajere yadda zai shiga WhatsApp, a kuma yi shi a gidajen rediyon Arewa inda mata ke saurare. Ranar Littafi da Haƙƙin Mallaka ta Duniya, 23 ga Afrilu, da Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, lokuta ne da hankalin marubuta ke wuri ɗaya, za a iya amfani da su.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar, a ware jami'i mai jin Hausa, zai fi kyau a samu mace a ciki, a ofisoshinku na Kano da Kaduna, da lambar waya da aka sani, wanda marubuciya za ta tura wa kokenta da hujjojinta daga ɗakinta ba sai ta yi tafiya ba. Hujjar ba wuya gare ta, tunda kowane shafi da muka saki yana ɗauke da rana da lokaci. Muna so hukumar, ko wata ƙungiyar marubuta da ta amince da ita, ta riƙa aika takardar neman saukewa a madadin mai koke, ta yadda sunanta na gaskiya zai tsaya a hannun hukuma kawai. Idan aka samu shafi ko tashar da koke ya yi yawa a kanta, a yi amfani da ikon toshewa da doka ta bayar, a kuma sanar da jama'a an yi. Shafukan da suka fi ɓarna ba su da yawa, duk mun san su, kuma hukunta biyu ko uku a bainar jama'a zai sa saura su zo teburin ciniki.

Muna kuma roƙon a tsara mana samfurin yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, ɗaya na karatun murya, ɗaya na fim, wanda zai fayyace tsawon lokacin izini, da kuɗi ko kason riba, da wajabcin ambaton sunan marubuci. A sassauta kuɗin rajista ga masu ƙananan ayyuka irin namu, a kuma sa a iya kammala ta da waya. Mawaƙa suna da MCSN mai karɓar musu haƙƙi, 'yan fim suna da AVRS, masu littafin takarda suna da REPRONIG, don haka muna so a zauna da mu a duba inda marubucin intanet zai shiga, ko a faɗaɗa wadda ke akwai ko a ba mu shawarar yadda za mu kafa tamu bisa ƙa'ida. Tunda kuma masu karatunmu da masu cin haƙƙinmu duk suna ɓangarori biyu na iyaka, Najeriya da Nijar kuma duk suna cikin yarjejeniyar Berne ta ƙasashen duniya kan kare haƙƙin mallaka, muna fatan za a tuntuɓi takwararku ta Nijar, wato BNDA, domin marubuciyar Zinder da ta Zariya su samu kariya iri ɗaya.

A namu ɓangaren, mun ɗauki alkawarin tattara jerin shafuka da tashoshin da ke ɗauke da littattafanmu ba da izini ba, kowanne da sunan littafin da ranar da mai shi ta fara sakinsa, mu kuma zaɓo wakilai daga jihohi daban-daban da za su zauna da jami'anku. Duk bayanin da kuka fitar da Hausa, mu za mu ɗora shi a saman shafukan littattafanmu, a wurin da muke rubuta Allah ya isa a yanzu, ya shiga kowane zaure da labaranmu ke shiga. Jerin ya riga ya fara taruwa a hannuna, muna jiran a gaya mana ofishin da za mu kai shi da ranar da za a karɓe mu.

Allah ya taimake ka a kan amanar da ke wuyanka.

Taka cikin girmamawa,
Wata marubuciya daga Kano, a madadin 'yan uwanta marubutan Hausa na intanet.